Sabunta banɗakin da ke yoyo: wa za a ba aikin, kuma me za a sa wa ido?

Tambaya: Banɗakin saman benena ya tsufa, kuma danshi ya fara fitowa a silin ɗin ɗakin da ke ƙarƙashinsa. Ina so in sabunta shi gaba ɗaya. 'Yan kwangila uku sun ba ni farashi, tazarar da ke tsakaninsu babba ce, kuma mai arahar ya ce ba sai an fasa komai ba, zai ɗora sabon tayil a kan tsohon. Wa zan ba aikin, kuma me zan lura da shi?

Amsa: Malam, fara cire maganar ɗora tayil kan tayil daga lissafinka. Ana yin hakan kuma yana zama, amma sai a banɗakin da ba ya yoyo, wanda tsohon tayil ɗinsa ke manne daram. Naka kuwa ruwa ya riga ya kai kankaren bene, shi ya sa kake ganin tabo a silin. Tayil da garin da ake cike tsakaninsa ba su ne ke tare ruwa ba. Garin cikon siminti ne, yana shan ruwa, kuma da zarar ya yi 'yar tsaga ruwa ya samu hanya. Abin da ke tare ruwa shi ne shafen da ake yi a ƙarƙashin tayil, da haɗin bututun da aka binne. Idan aka rufe ɓarnar da sabon tayil, danshin zai ci gaba da cin rodin da ke cikin kankare, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, kankare ya fara ɓantarewa daga ƙasa. Ga shi kuma ƙasan banɗakin zai ƙara tudu da kusan santimita 2, ƙofa ta riƙa gogawa, ruwa ya fara neman hanyar fita ɗaki.

Kafin kowa ya ɗaga guduma, a gano inda ruwan yake fitowa, domin shi zai nuna girman aikin. A daina amfani da banɗakin na kwana biyu ko uku amma a bar ruwa a cikin bututu. In ɗigar ta ci gaba, matsalar tana bututun da ke kawo ruwa. In ta tsaya, sai a zuba ruwa kai tsaye cikin rariya da cikin masai ba tare da an jiƙa daɓe ba. Ɗiga ta dawo, bututun fitar da ruwa ne. Ba ta dawo ba sai da aka watsa ruwa a ƙasa, to daɓen ne ke tsotsewa. Ɗan kwangilar da ya ba ka farashi bai tambayi wannan ba, bai kuma shiga ɗakin ƙasa ya ɗaga kai ya dubi silin ba, ƙiyasi kawai ya yi maka.

Shi ma bambancin farashin, galibi daga nan yake. Mutum uku ba aiki ɗaya suka lissafa ba. Wani ya sa canjin bututu duka, wani gyaran inda ya fashe kawai. Wani ya sa shafen hana ruwa, wani ko ambatonsa bai yi ba. Ka zauna ka rubuta aikin a takarda ɗaya: fasa tsohon tayil da daɓe har kankare, kwashe ɓaraguzai, sabon bututun ruwan sanyi da na zafi, sabon bututun fitar da ruwa, wayoyin wuta, filasta, sabon daɓe mai gangara, shafen hana ruwa, tayil, ɗora kaya. Ka ba kowannensu kwafi, ya sa kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban a gaban kowane layi. A nan za ka ga ko mai arahar ragi ya yi maka ko tsallake ya yi. Sannan ka nemi kowa ya nuna maka banɗakin da ya yi shekara biyu ko fiye da suka wuce, zai fi kyau a saman bene. Aikin jiya kowa nasa yana sheƙi. Ka tambaye shi kuma wa zai yi famfo, wa zai yi wuta, wa zai yi tayil, domin sau da yawa wanda ka yi ciniki da shi ba shi ne zai riƙe cokali ba.

Wanda ka zaɓa, ku rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, kuma ka ɗaure biyan kuɗi da matakan aiki maimakon ranaku. Shawarata, kafin alƙalami kada ya wuce kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na kuɗin aiki. Kaso na biyu bayan bututu ya ci gwajin matsi a gabanka. Na uku bayan shafen hana ruwa ya ci gwajin tara ruwa. Na huɗu bayan tayil da ɗora kaya. Ka riƙe kashi 10 cikin ɗari har banɗakin ya yi wata guda ana amfani da shi. Gwaje-gwajen nan biyu su ne ƙarfinka gaba ɗaya, domin duk abin da zai dame ka nan gaba yana ƙarƙashin tayil ne, kuma daga ranar da aka rufe shi ba ka da hanyar dubawa sai da fasawa. A rubuta cewa duk wani ƙarin aiki sai an faɗi kuɗinsa ka amince a rubuce kafin a taɓa shi. Kai kuma ka ajiye kashi 15 cikin ɗari a gefe, tsohon banɗaki ba ya rasa abin da ya ɓoye.

Kayan da za a gani da ido, wato tayil, masai, kwamin wanke hannu, kan shawa da famfuna, ka saya da kanka, kuma su iso kafin mai famfo ya fara tsaga bango. Dalili shi ne bututu ke bin kaya. Masai iri biyu ne: mai fitar da ƙazanta ta ƙasa da mai fitarwa ta bango. Na ƙasa, tazarar tsakiyar ramin daga bango ta bambanta, santimita 30 ta fi yawa amma akwai wasu ma'aunan. Kuma daga fuskar tayil ake aunawa, ba daga bulo ba. Mai famfo ya manta kaurin filasta da gam da tayil, sai masai ya ƙi zama, a koma ana lanƙwasa haɗi da roba. Haka famfon shawa da ake binnewa a bango, yana da iyakar zurfin da aka zana a jikinsa. Ya nutse fiye da kima, marfinsa ba zai kama ba.

Wajen fasawa, a rufe ruwa da wutar banɗakin, a toshe bakin bututun masai da na rariya da tsumma ko marfi don kada ɓaraguzai su faɗa. Toshewar da ke bayyana sati guda bayan gama aiki yawanci guntun siminti ne da ya faɗa a wannan rana. Kada a yarda wani ya yanke rodi ko ya huda ginshiƙi don bututu ya wuce. Tsagar da ake yi a bango don binne bututu, ta tsaye kada zurfinta ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bangon, ta kwance kuwa kada ya wuce ɗaya cikin shida. In tsohon gini ne mai silin ɗin asbesto, kada a yanke shi da inji, ƙurarsa na da haɗari ga huhu.

Bututun kawo ruwa, in tsohon na ƙarfe ne a cire shi duka, ya riga ya tsuke da tsatsa daga ciki. Bututun roba na PPR ya dace da ruwan sanyi da na zafi. Farin PVC na ruwan sanyi ne, ba a sa shi a layin hita. A jawo babban layi da milimita 25, a rarraba zuwa famfuna da milimita 20. Ana haɗa PPR da injin zafi a kan digiri 260, kuma daƙiƙa kaɗan yake buƙata: kamar 5 ga mai milimita 20, kamar 7 ga mai 25. Wanda ya bar shi ya daɗe a wuta ko ya danna da ƙarfi, robar za ta narke ta tattaru a ciki ta rage ramin. Daga waje haɗin zai yi kyau, amma ruwan shawa zai riƙa zuwa kamar ana rowarsa, kuma ba mai gane dalili. Ka ce a yanka maka haɗi ɗaya na gwaji ka leƙa cikinsa. Ruwan zafi a hagu, na sanyi a dama. A sa makullin ruwa guda na banɗakin kaɗai a inda hannu zai kai, da ƙaramin makulli a ƙarƙashin masai da kwami.

In daga tankin sama ruwanka ke saukowa, ka san cewa kowace mita 10 ta tsayi ita ke ba da matsi kusan bar 1 (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa). Tankin da ya ɗara kan shawa da mita 3 kacal, kusan kashi uku cikin goma na bar 1 yake bayarwa. Faffaɗan kan shawan nan da ake yayi ba zai yi aiki da wannan ba sai da injin ƙara matsi. Ka san wannan kafin ka saya.

Gwajin matsi kuwa haka ake yinsa: a toshe duk bakunan bututu, a cika da ruwa a fitar da iska, a haɗa famfon gwaji mai agogo, a hau da shi zuwa ninki ɗaya da rabi na matsin da layin zai riƙa ɗauka, ga PPR ana yawan kai shi bar 10. Allurar za ta ɗan sauka da farko saboda roba tana buɗewa, sai a sake cikawa, sannan a bar shi aƙalla awa ɗaya. Ta ci gaba da sauka, akwai yoyo. Buɗe ruwan tanki a tsaya ana kallo ba gwaji ba ne. Kafin filasta ta rufe, ka ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jikinsa. Ranar da za a huda bango don rataya madubi za ka gode wa hoton nan.

Bututun fitar da ruwa: na masai inci 4, na shawa da rariyar ƙasa inci 2, na kwami inci ɗaya da rabi. Su gangara da kusan santimita 2 a kowace mita, ba kwari a tsakiya inda ruwa zai kwanta. A layin kwance, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi ɗaya mai digiri 90, kuma a bar bakin sharewa mai marfi a inda za a iya kai masa. Kowace mafita sai da tarkon ruwa, lanƙwasar nan da ke riƙe ruwa kusan santimita 5 don ta tare wari da kyankyasai. Banɗakin da ke sheƙi amma yana wari, ko dai rariyar ƙasa ba ta da tarko, ko babu bututun shaƙar iska da ya fita sama da rufi, sai jan ruwan masai ya zuƙe ruwan tarkon. Alamarsa ita ce ƙarar gurgur a rariya duk lokacin da aka kora masai.

Sai daɓe. Siminti ɗaya, yashi mai tsabta uku zuwa huɗu. A daɓen ake fitar da gangara, ba a gam ɗin tayil ba. Wurin wanka ya sauka santimita ɗaya da rabi zuwa 2 a kowace mita zuwa rariya, sauran ƙasan santimita 1 ya isa. Ƙasan banɗaki in an gama ya zauna ƙasa da na ɗaki da santimita 1 zuwa 2 a dokin ƙofa. A riƙa yayyafa wa daɓen ruwa kwanakin farko, sannan a bar shi ya bushe. Sabon daɓe da filasta suna son sati biyu zuwa uku kafin tayil, sai dai in an yi amfani da haɗi mai saurin bushewa. Nan ne mai gida da ɗan kwangila suke haɗa baki su cuci aikin, kowa na sauri. Siminti yana tsukewa yayin bushewa, in tayil na kansa sai ya tsage ko ya ɗago.

Shafen hana ruwa shi ne inda ya kamata ka tsaya da ƙafarka. Wanda aka fi samu shi ne mai haɗi biyu, gari da ruwansa, ana dama su a shafa da buroshi. Garin da ake zubawa cikin kwaɓin siminti yana rage shan ruwa, amma ba ya maye gurbin shafe, domin daɓe na tsagewa shi ma ya tsage tare da shi. A share ƙasa tas, a cike ramuka, a zagaye kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa don kada ta zama mai kaifi. A shimfiɗa ƙyallen ƙarfafawa a duk kusurwa da kewayen kowane bututun da ya huda ƙasa ko bango, domin kusan duk yoyo daga waɗannan wurare yake farawa, ba daga tsakiyar fili ba. Shafi biyu ake yi, na biyu ya gitta na farko, da tazarar bushewar da aka rubuta a jikin bokitin. Ya rufe ƙasa duka, ya hau bango aƙalla santimita 15 ko'ina, a wurin wanka kuma ya kai santimita 180. Ya shiga har cikin bakin rariya yadda ruwan da ya ratsa tayil zai gangara ciki, kar a tsaya a gefenta. A duba yawan kilon da kamfanin ya ce kowace murabba'in mita ke ci, a lissafa, ka ga bokitan da aka buɗe da idonka. Tsinka shi da ruwa don ya yaɗu shi ne ha'incin da aka fi yi.

Bayan ya bushe, a toshe rariya, a yi ɗan shinge a ƙofa, a tara ruwa santimita 3 zuwa 5, a yi alama a bango. A bar shi awa 24, in da hali 48. Ka duba alamar, ka sauka ƙasa ka duba silin da bangon da ke maƙwabtaka. Tunda tsohon tabo na nan, ka zagaye shi da fensir kafin gwajin don ka gane ko ya faɗaɗa. Daga nan kada a bar lebura ya ja bokiti ko ya sare bulo a kan shafen; huda ɗaya ta isa.

Lissafin tayil ba wuya. Ɗauki banɗaki mai mita 2 da mita 2.5, tayil zai hau mita 2.4. Ƙasa murabba'in mita 5. Kewayen bango mita 9, sau 2.4 ya ba da 21.6, a cire ƙofa da taga ya rage kusan 19.5. Ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanka da fashewa: ƙasa 5.5, bango 21.5. In za a jera shi a karkace, ƙara 15. Duba lambar rukuni a jikin kwalaye ta zama ɗaya, domin launi yana ɗan sauyawa daga rukuni zuwa rukuni, kuma ka ajiye kwali guda don gaba. Na ƙasa ya zama marar santsi, mai alamar R10 ko R11. Tayil mai ƙyalli na bango ne. A wurin wanka ƙananan tayil sun fi bin gangara. In kana son manya, sai a sa doguwar rariya a gefe ɗaya, ƙasa ta gangara fuska guda.

Tayil ɗin foselin kusan ba ya shan ruwa, ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, don haka kwaɓin siminti zalla ba ya kama shi da kyau. Gam ɗin tayil ake sa masa, mai alamar C2. Yana cin kilo 4 zuwa 6 a murabba'in mita, wato banɗakin misalinmu zai ci buhu 5 zuwa 8 masu kilo 20. A shafa shi da cokali mai haƙora, a ƙara shafe siriri a bayan manyan tayil. Kar ka yarda da ɗige-ɗigen gam biyar a bayan tayil: ramin da ya rage yana tara ruwa, kuma nan yake fashewa. Ka sa a ɗaga ɗaya da aka manna yanzu, bayansa ya kamata ya kusan rufuwa duka. Washegari ka bi su da ƙwanƙwasa, mai amon ganga a cire shi. A bar tsaga milimita 2 zuwa 3 tsakaninsu, a cike bayan awa 24. Kusurwoyi da inda bango ya haɗu da ƙasa silikon mai hana fumfuna ake sa musu, garin ciko yana tsagewa a nan. Kafin ka biya, watsa bokitin ruwa a kowane lungu ka ga ko duk ya tafi rariya.

Wuta ba wurin ragi ba ce. Layin banɗaki ya bi ta na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta in ta fara bi ta jikin mutum, kuma wayar ƙasa (wato earth) ta kai ga hita da duk abin ƙarfe mai amfani da wuta. Hita ta samu layinta ita kaɗai da makunni mai yanke waya biyu a wajen banɗaki. Mai tanki ta gida, waya mai murabba'in milimita 2.5 takan ɗauke ta. Mai dafa ruwa nan take tana jan wuta ninki biyu ko uku, tana son waya mai murabba'in milimita 6 ko 10 gwargwadon ƙarfinta. Fitila ta zama mai alamar kariya daga ruwa aƙalla IP44, ta saman shawa IP65. Soket, in ba dole ba, a bar shi waje. Bawul ɗin rage matsi da ke zuwa da hita yakan ɗiga in ruwa ya yi zafi, aikinsa ke nan. A ja masa siririn tiyo zuwa rariya. Mai famfon da ya toshe shi don ya daina ɗiga ya mayar da hitar abin da ka iya fashewa. In taga ƙarama ce ko babu, a sa fankar zuƙe tururi mai jan aƙalla lita 15 a daƙiƙa, ta fitar waje, ba cikin silin ba.

Wajen ɗora kaya, masai da kusoshinsa da robar haɗinsa ake kafa shi, a zagaye gindin da silikon. Dasa shi cikin siminti yana iya tsaga shi, kuma ranar gyara sai an fasa. A bar aƙalla santimita 40 daga tsakiyarsa zuwa bangon gefe, da 60 a gabansa. Bakin kwami santimita 80 zuwa 85 daga ƙasa, famfon shawa kusan 110, kan shawa 200 zuwa 210. In akwai tsoho ko marar lafiya a gidan, yanzu ne lokacin kafa ƙarfen riƙewa, a cikin bulo mai ƙarfi da dogayen kusoshi, a cusa silikon cikin kowane rami kafin a ɗaura.

A watan da kake riƙe da ragowar kuɗin, ka riƙa goga busasshiyar takarda a ƙarƙashin kwami, bayan masai da bakin kowane makulli, ɗigar da ido bai gani ba takarda za ta nuna. In kana da mita ko tanki, rufe duk famfuna da dare ka duba ko ruwa ya ragu da safe. Silin ɗin ɗakin ƙasa kuma kada a yi masa fenti tukuna. Kankaren da ya daɗe yana shan ruwa yakan ɗauki makonni kafin ya bushe, fentin da aka shafa a kan danshi zai kumbura ya ɓare, sannan zai rufe maka alamar fensir ɗin da za ta nuna ko yoyon ya tsaya da gaske. In akwai inda kankare ya ɓantare har rodi ya bayyana, injiniyan gini ya duba shi kafin a shafe da filasta.